Ranar da Garmar Surukina Ta Tono Rundunata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da wata Asabar ta farkon damina da na durƙusa a ƙofar gidan surukina a Gude, ana roƙon Allah ya tona asirin wani azzalumi, ni kuma ina amsawa da amin, alhali azzalumin ni ne. Ban ce na fi kowa ɗaga murya ba, amma dai ba na cikin masu yin ƙasa-ƙasa.

Kafin a yanke mini hukunci, ya kamata a san irin mutumin da nake. Ni mai taka-tsantsan ne, wataƙila har ya yi yawa. Idan ɗalibi ya tambaye ni ko jarrabawa za ta yi wuya, nakan ce masa akwai yiwuwar haka, akwai kuma yiwuwar akasin haka. Lissafi na karanta a jami'a, ina koyar da shi a wata sakandare mai zaman kanta a Kabo, ina kwana a gidanmu a Gwarzo. Ba na zaman majalisa, ba na gardamar ƙwallo, ba a taɓa kawo ƙarata ba. A unguwarmu da ni ake yi wa yara misali (ba na jin daɗin hakan, amma ban taɓa hanawa ba).

Abu guda ne kawai nake da shi wanda ban cika faɗa wa mutane ba. Lokacin bautar ƙasa na zauna ɗaki ɗaya da wani ɗan Binuwai mai suna Terna, shi ne ya koya mini wasan yaƙi na kan tebur. Ana jera wasu 'yan ƙananan sojoji da ba su wuce tsawon babban yatsa ba, a yi musu duwatsu da katangu na kwali, a riƙa auna tafiyarsu da tef irin na tela, a jefa ƙwayar ludo don a ga ko sara ya samu ko ya kuskure. Irin wanda muke yi ƙarami ne, teburin cin abinci ya ishe shi, kowa da 'yar rundunarsa da ba ta cika tafin hannu biyu ba. Bayan mun gama, Terna ya samu aiki a cikin Kano, sai muka ci gaba da haɗuwa lokaci-lokaci. Shi yana da mayaƙa masu sulke da wani ɗan'uwansa ya aiko masa daga waje. Ni kuwa aro nake yi, kuma wanda yake yaƙi da sojojin aro ba ya iya yin fushi idan an ci shi. Sai na yanke shawarar haɗa tawa rundunar da hannuna.

A wasan akwai runduna iri-iri, ni na zaɓi ta matattu, wato ƙwarangwal ɗin da suka taso daga kabari suka ɗauki makami. Ina da dalilai, kuma har yanzu ina ganin ba duka ne marasa kyau ba. Na farko, ƙwarangwal ba shi da fuska, ni kuma ban iya zana fuska ba. Na biyu, na daɗe ina ɗari-ɗari da hukuncin mutum-mutumi, na yi 'yan tambayoyi a fakaice, na ji bayanai mabambanta, na ga kamar abin da ba shi da fuska ba shi da tsoka ya fi kusa da sauƙi (ban ce fatawa ba ce, lallashin kai ne). Na uku, a ƙa'idar wasan, matattu ba sa firgita kuma ba sa gudu daga fagen fama. Ga mutumin da gabansa yake faɗuwa idan shugaban makaranta ya ce yana son ganinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na yi aikin da natsuwa. Ƙasusuwan jiki da siririyar wayar tsohuwar fanka na lanƙwasa su, na shafe da alli da aka dama da gam. Kawunan ƙwallon kurna ne, na huda musu idanu da allura mai zafi. Da farko na yi musu mashi da tsinken sakace, ya riƙa karyewa, sai na koma allurar ɗinki. Na karɓo ragowar farin yadi wajen telanmu na yayyage, na yafa wa kowa a matsayin tsohon likkafani. Shugabanni na ɗaura musu jan zare a ƙugu don kada su ɓace mini a cikin mabiya. Akwai kuma wanda na fi alfahari da shi, wani jarumi a kan mataccen doki, wanda na haɗa da ƙashin tantabara na gaske bayan na dafa shi na shanya.

Da na tura wa Terna hotonsu, ya yaba da ƙoƙarina, sannan ya ce matsalarsu ɗaya, sun yi fes da yawa, kamar masu shirin zuwa masallacin idi. Gaskiya ya faɗa. Na gwada jiƙa su da ruwan shayi, suka koma kamar matattun da shayi ya zube musu a riga. Ana cikin haka na ga bidiyon wani Bature da ya ce idan kana son ƙyalle ya tsufa da gaske, ka binne shi a ƙasa ka bari danshi ya yi aikinsa. Bai faɗi a wace ƙasa yake zaune ba, ni kuma ban tsaya tunanin ko a garinsu ana tono abu a gona a kira liman ba.

A nan ne taka-tsantsan ɗina ya shigo. Ban binne su a gida ba, don kada Innarmu ta gani hankalinta ya tashi. Ban binne su a makaranta ba, don kada ɗalibai su gani a ce malamin lissafi ya taɓu. Sai na tuna da gonar Baffa Ado a Gude, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Ban sa su a leda ba, saboda leda za ta hana danshi shiga, sai na sayi 'yar tukunyar ƙasa sabuwa. Na naɗe kowanne a ƙyallensa don kada su karye, na rufe bakin tukunyar da baƙin ƙyalle (shi ne abin da ya rage mini) na ɗaure da zare. Ban gaya wa Baffa ba, don kada in dame shi da abin da ba shi da muhimmanci. Na zaɓi tsakar rana lokacin da ba kowa a gona, don kada in ja hankalin mutane. Na kuma zaɓi gefen wata babbar ɗorawa da ke bakin iyaka, don kada in manta wurin. Kowane mataki, idan ka ɗauke shi shi kaɗai, mataki ne na mai hankali.

Abin da ban sani ba shi ne, ɗorawar nan tana da tarihi. Gonar da ke maƙwabtaka da ta Baffa ta Alhaji Buba ce, mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema. Alhaji mutum ne da kakanninsa suka yi kiwo, shi ya zauna ya kama noma, amma har yanzu zuciyarsa tana wajen 'yan shanunsa. Na san shi da Baffa sun taɓa samun saɓani a kan wata bishiya shekarun baya, kuma maganar aurenmu ce ta sa suka koma gaisawa da fara'a. Ban san ita ce bishiyar ba. Ban kuma san gamban da na ɗauka a matsayin iyaka tsohon layi ne da aka daina aiki da shi ba. A taƙaice, na haƙa rami a gonar mutumin da aka riga aka kai wa gaisuwar neman 'yarsa, ana jiran ya ba da rana. Ramin ma bai yi zurfi ba, don ƙasar rani ce, hannuna kuma na alli ne.

Niyyata in koma in tono su da zarar ruwan farko ya sauka. Ruwa ya sauka daidai lokacin da muke makin jarrabawa, na ce bari in gama tukuna, kada in bar aikin mutane a kan abin wasa. Shi kuwa Alhaji bai jira kowa ba, ya fito da shanun huɗa.

Ranar Asabar na ɗaura 'yar fartanya a bayan babur na nufi Gude. A gidan Baffa na tarar da matarsa ita kaɗai, ta amsa gaisuwata a gajarce, ta ce tun da safe aka aiko kiransa ƙofar gidan Alhaji, kuma ɗan aiken bai tsaya ya sha ruwa ba. Na ce Allah ya sa lafiya. Har a lokacin ban kawo komai a raina ba, ina ma tunanin ko maganar sa rana ce.

Tun daga nesa na hango dattawa a kan tabarmi a ƙarƙashin darbejiya. Na kashe babur, na cire takalma, na ƙarasa a sunkuye na durƙusa, na shiga gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar gida da iyali da gajiya da ruwan da aka samu. Ana amsawa, amma ba wanda ya ja gaisuwar. Baffa yana zaune a gefe shi kaɗai a bakin dakali, ba a kan tabarma ba. Sai da na gama na ɗago kai kaɗan, na ga an bar fili a tsakiya, kowa ya janye ƙafarsa. A tsakiyar filin ga tukunyata, bakinta ya ɗan fashe inda garma ta doke ta.

Limamin unguwar, wani dattijo mai sanyin murya, yana tsugune da kara a hannu yana zaro su ɗaya-ɗaya yana warware ƙyallen, yana karanta addu'a a kan kowanne kafin ya ajiye. Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne, dabarar Baturen nan ta yi. Likkafanin ya yi ruwan ƙasa, gefensa ya zagwanye. Alluran sun yi tsatsa mai kyau. Ƙasa ta shiga ramukan idanu ta zauna daidai. Ban taɓa ganin abin da na yi da hannuna ya yi kyau haka ba.

Liman ya bayyana wa jama'a cewa ya sha ganin abin da ake binnewa, amma bai taɓa ganin mai tsari irin wannan ba. Ya nuna allurai, ya nuna jan zare, ya nuna likkafani da baƙin ƙyalle da sabuwar tukunya, ya ce babu abin da aka bari, wanda ya yi wannan ba ɗan koyo ba ne. (Na san bai kamata ba, amma wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi.) Da ya zaro jarumina mai doki, Alhaji ya miƙa wuya ya duba, ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ga saniyarsa nan da ta yi ɓari da rani, yanzu ya gane. Wani ya tuna cewa ɗaya daga cikin shanun huɗar ma ya fara ɗingishi. Wani ya ce shi ma tun bara yake jin nauyi idan ya bi ta gindin ɗorawar.

Daga nan aka ɗaga hannu. Liman ya roƙi Allah ya mayar wa mai abin da abinsa, ya tona asirinsa tun a duniya, ya kunyata shi a gaban jama'a. Na ce amin. Ina so a fahimce ni, ba rashin tsoron Allah ba ne. Lissafi na yi. Na ga an aika a kawo kananzir, na ce a raina idan na yi shiru za a ƙone su, kowa ya watse, in rasa runduna in tsira da mata. Kuma wanda bai ce amin ba a irin wannan wuri, shi za a fara kallo. A lokacin na ga kamar shawara ce mai kyau, kuma da a nan maganar ta tsaya, ina jin har yau ba wanda zai sani.

Ba ta tsaya a nan ba. Da aka shafa, Alhaji ya gyara zama ya fuskanci Liman. Bai kalli Baffa ba, bai kuma ambaci sunan kowa ba. Ya ce shi ba ya zargin mutum a kan abin da bai gani ba, amma gidaje biyu ne kawai suka san zancen ɗorawar nan. Ya ce ya bar maganarta ne saboda yara, ya ɗauka kowa ma ya bari har zuciya. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Maganar yaran nan, a dakata da ita tukuna."

Ban taɓa ganin Baffa a irin wannan hali ba. Mutum ne mai yawan raha, amma ranar babu raha. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce ya haura sittin bai taɓa taka ƙofar boka ba, a ɗauko Alƙur'ani ya yi alwala ya dafa a gaban kowa. Wasu suka ce a'a, ba ta kai ga haka ba, amma yadda suka faɗa ya nuna a wajensu ta kai. Mutumin da ya biya mini makaranta ya kuma je ya durƙusa ya nema mini aure, ga shi zai rantse a bainar jama'a saboda ƙwallon kurna da wayar fanka.

Na yi gyaran murya. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa. Ina jin kamar akwai yiwuwar tukunyar nan tawa ce."

Liman ya juyo ya dube ni. "Kana ji, ko taka ce?"

"Tawa ce, gwargwadon sanina."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Abin da ya biyo baya ban shirya masa ba, domin ba wanda ya yarda. Wani dattijo ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, yana so ya rufa wa ubansa asiri. Alhaji ya ce wa Liman tarbiyya ce mai kyau, amma ƙarya ba ta cikin tarbiyya. Wani ya ce kowa ya san ɗan gidan marigayi, ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemi wanda zai riƙe masa wuƙa. Baffa da kansa ya ce in yi shiru, ba da ni ake ba. Wato sunan kirkin da na tara shekara da shekaru shi ne ya tsaya tsakanina da gaskiya, kuma dole in rushe shi da hannuna, da hujja.

Sai na ce a duba ƙasan tukunyar, akwai sauran guda ɗaya da ba a zaro ba, yana riƙe da baƙar tuta, kuma ba shi da hannun hagu saboda wayar ta ƙare mini. Liman ya sa kara ya laluba, ya zaro shi, ya warware. Ga tuta, babu hannun hagu.

Dattijon da ya sa mini albarka ɗazu ya ja tabarmarsa baya kaɗan. Sai a lokacin na lura cewa na tabbatar musu ni na binne, amma ban gaya musu mene ne ba. Na yi sauri na ce abin wasa ne.

Liman ya ce, "Wane irin wasa?"

"Na yaƙi ne, Malam. A kan tebur."

"Su waye waɗannan?"

"Matattu ne da aka tayar."

"Su wa suke yaƙa?"

"Rayayyu." Na ji yadda maganar ta faɗi, sai na ƙara da cewa, "A wasan."

"Wa ya tayar da su?"

Ina iya cewa ban sani ba. Amma ni mutum ne da ba ya son ba da amsar da ba ta cika ba. Na ce a ƙa'idar wasan wani boka ne yake tayar da su. Liman ya duba cikin tukunyar ya ce bai ga bokan ba. Na ce ban kai ga haɗa shi ba, amma dai mai rundunar shi ne yake tsayawa a matsayinsa.

"Wato kai."

"A wasan, Malam."

Na ga idan na ci gaba da bayani da baki zan ƙarasa kaina, sai na ciro waya na nuna musu hotuna. Ga su a kan teburina lokacin suna farare, ga kwalbar gam a gefe, ga sojojin Terna masu sulke. Wayar ta zaga hannu-hannu. Liman ya ce bai gane yadda abin da ba ya motsi zai yi yaƙi ba, in nuna. Haka na je wajen babur ba takalmi, na ɗauko tef da ƙwayar ludo daga jakata (jama'a suka ga fartanyar a ɗaure), na dawo na durƙusa a gaban mutumin da ko idonsa ban taɓa kallo ba saboda surukuta, na jera matattu a kan turɓaya. Na ɗauki 'yan tsakuwa na ce waɗannan su ne abokan gaba. Na auna, na matsar da mai tuta, na jefa ƙwaya, na sanar da dattawan Gude cewa ya kai sara amma bai samu ba.

Wani ya ce ashe har da caca a ciki. Na ce ba a sa kuɗi. Ya ce to me ake ci? Na ce ba a cin komai, idan an gama kowa ya kwashe nasa ya tafi gida.

Alhaji ya maimaita a hankali, "Ba a cin komai." Daga yadda ya faɗa, na ga kamar wannan ya fi tsafin tayar masa da hankali. Ya juya wajen Baffa, karo na farko a ranar, ya tambaye shi shekaruna. Baffa ya ce na doshi talatin. Ya tambaya ko da gaske ne na gama jami'a. Baffa ya ce haka aka gaya masa.

A nan ya kamata in yi shiru. Amma akwai kuskure guda da ya tsaya mini a rai, na ga bai dace a tashi da shi ba. Na ce, cikin ladabi, wancan da aka ce saniya ce, doki ne. Alhaji ya sa yatsu biyu ya ɗauke shi, ya juya shi gaba da baya, ya ajiye. Ya ce, "Wannan ba doki ba ne." Ban ja ba. Daga cikin soro, inda ashe mata suka taru suna saurare tun farko, wata ta kasa riƙe dariya, sauran suka bi ta. Na gane muryar da ta fara.

Liman ya share hannunsa ya ce, gwargwadon abin da ya gani, wannan ba sihiri ba ne. Alhaji ya tambaye shi to mene ne, taɓin hankali ne ko rashin aikin yi? Liman ya ce wannan kuma ba fanninsa ba ne. Ya dai yi mini nasiha a kan siffanta abu mai rai, da kuma wasa da sha'anin kabari, na ce na gode, zan kiyaye. Ya ce duk da haka gara a ƙone su, tunda an riga an kawo kananzir, kuma hankalin mata zai fi kwanciya. Aka tara su wuri ɗaya. Ni aka miƙa wa ashana.

Suna ci da wuta Alhaji ya tashi ya taka har bakin dakali, ya kama hannun Baffa da hannu biyu ya nemi gafararsa, ya ce shaiɗan ne ya shiga tsakani. Ba ƙaramin abu ba ne mutum irinsa ya yi haka a gaban jama'a. Baffa ya ce ya yafe duniya da lahira, ya mayar da hularsa. Sannan ya dube ni ina tsugune a gaban toka da tef a wuya, ya ce, "Da na san abin da zai wanke ni ke nan, da na bari an ci gaba da zargina."

Saura maganar da ta fi damuna, kuma ba ni da bakin tambaya. Alhaji ya koma mazauninsa. Da ya buɗe baki, da Baffa ya yi magana, kamar ba na wurin. Ya ce yaron bai yi ƙarya ba a inda ƙarya za ta fisshe shi, wannan ya gani. Amma mutumin da yake da lokacin ɗinka wa waya likkafani, lokaci ya yi masa yawa, kuma shi ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san inda gonar ubansa ta tsaya ba. Ya ce a zamaninsu mai neman aure yana zuwa ya yi wa surukai noma, an daina ne kawai saboda 'yan boko. Tunda ga shi na zo da fartanyata, in riƙa zuwa duk Asabar har a yi girbi. Idan na kai, a zo a karɓi rana.

Da yamma Rabi ta kira ni. Na shirya dogon bayani, har na tsara shi kashi-kashi, ba ta bari na fara ba. Ta ce ita tambaya ɗaya gare ta, tsakanina da abokin nawa wa yake cin wasan? Na ce ya danganta, amma yawanci shi ne. Sai ta ce, "Malam, duk Gude ta ji labarin nan, har an kai shi ƙauyen Masanawa. Ka ja mini wannan abin kunyar, kuma ashe ko cin wasan ba ka yi?"

Na yi daminar nan a gonar Alhaji. Na yi noman farko, na yi maimai, hannuna ya yi bororo ya fashe ya koma kanta. Na san iyakar gonar yanzu fiye da yadda na san jadawalin darasina. Mutanen da suke wucewa ta hanyar gona sukan tsaya su ce sannu da aiki Sarkin Yaƙi, yaya jama'arka, in ce suna lafiya (ban ga amfanin gyara musu ba). Bayan an kai dawa gida aka ba da rana, aka ɗaura aure. A wajen ɗaurin auren Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa mana zuriya mai albarka, sannan ya ƙara da cewa Allah ya sa su yi wasa irin na sauran yara.

Ban daina wasan ba, sai dai na sauya runduna, yanzu ta rayayyu nake haɗawa, kuma a tsakar gida nake aikin, da rana, kowa yana gani. Baƙi sukan tsaya su kalla, su tambayi Rabi ko lafiya nake, ta ce musu lafiya ƙalau, haka ta same ni.

Idan akwai darasi a cikin wannan, kuma ina jin akwai, bai wuce wannan ba: wanda yake da wani shirme ya yi shi a fili. Mutane suna da haƙuri da sakarai, za su yi dariya su wuce. Amma duk abin da ka ɓoye a ƙasa, wani ne zai tono shi, shi zai faɗi ma'anarsa, kuma ba zai nemi shawararka ba. Ban ce haka abin yake ga kowa ba. Na dai ce kafin mutum ya bi shawarar Bature a kan abin da ya shafi rami, ya fara tambayar gonar wace ce.